Curin Daddawa na Ƙarshe daga Mandouri

Duk wanda ya ce tsufa yana sanyaya hali, ina gayyatarsa gidana a Sokodé ya yi wuni ɗaya da Gwaggo Gwamma. Yayar mahaifina ce. Gajeriya ce, ba ta da jiki, tafin hannunta ya yi baƙi ya yi kanta saboda aikin kalwa, kuma tun da nake da ita ban taɓa jin ta ce wa wani "ka yi gaskiya" ba. Idan ka ƙure ta da hujja, sai ta gyara ɗankwali ta tambaye ka ko ka yi la'asar.

Sana'arta daddawa. A wani ƙauye kusa da Mandouri ta yi aure, gidan Hammajoda mai fataucin shanu, kuma a hannun uwar mijin ta koyi aikin. Gonar Hammajoda cike take da itatuwan ɗorawa. Idan 'ya'yan suka nuna sai ta tara, ta cire garin, ta dafa kalwar wuni guda har ta yi laushi, ta surfa a turmi da toka, ta wanke, ta sake dafawa. Sannan ta juye ta da zafinta cikin wani tsohon kwando, ta rufe da ganye, ta lulluɓe da wasu buhunan algarara da suka girme ni. Daga nan doka ta fara aiki: ba a buɗewa, ba a leƙawa, ba a ɗaga murya kusa da ɗakin. Bayan 'yan kwanaki kalwa ta yi yauƙi, ta saki warin nan da yake sanar da unguwa gaba ɗaya, ta zama daddawa. Ranar kasuwar Dapaong, matan ƙabilar Moba da na Zongo ba sa bari ta gama sauke kaya daga ka kafin su hau rububi. Mijinta ya rasu, ta ci gaba da abinta. Da daddawa ta aurar da 'ya'yanta mata, da ita ta saya wa autanta Taufiq babur ɗin da yake zemijan, wato acaɓa, da shi a Dapaong.

Idan ka tambaye ta sirrin aikin, amsarta ɗaya ce: hannu. Allah ya ba ta hannu, ya hana wasu, magana ta ƙare.

Ni kuwa, Hadija, a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti nake aiki, labo kamar yadda muke ce masa, don haka na san ma'aikatan Gwaggo da idona. Wasu ƙananan halittu ne, bakteriya, masu kama da gutsattsarin tsinke, kowace da 'yan gashi a jiki da take kaɗawa ta yi iyo. Dafuwa ba ta gamawa da su, don idan wuya ta yi sai su dunƙule cikin ɓawo mai tauri su yi barci. Da sun ji ɗumi da danshi sai su farka, su bazu cikin kalwa, su narkar da ita, su saki yauƙi su zauna a ciki, su kuma saki warin nan mai hawa hanci wanda yake korar sauran halittu daga wurin. Wato su shigo a matsayin baƙi, kafin ka ankara sun mayar da wurin yadda su kaɗai yake yi wa daɗi. Tsofaffin buhunan nan da kwandon kuwa, nan ne garinsu. Kaka da jika duk suna maƙale cikin zaren.

Da 'yan bindiga suka fara tsallako iyaka daga wajen Burkina, ƙauyukan yankin suka fara watsewa. Gwaggo ta ƙi tashi. Maƙwabta suka tafi, limami ya tafi, tana nan tana surfe. Sai da Taufiq ya je ya durƙusa ya yi mata kuka sannan ta hau bayan babur. Ta bar gadonta, ta bar tukwanenta na ƙarfe, ta rungumo kwando da buhuna da 'yan curin daddawar da suka rage mata.

A Dapaong ɗakin haya ɗaya ne da Taufiq, cikin gidan da ke da mutane da yawa. Mai gidan ya fara guna-guni kan wari, matan gidan suka fara toshe hanci idan sun wuce ƙofar. Taufiq yaro ne mai kirki, amma wani lokacin kirkinsa yana riga hankalinsa isa wuri. Ranar da Gwaggo ta tafi gaisuwar mutuwa, ya kwashi buhunan da kwandon ya kai bayan gida ya cinna musu wuta. Ya je kasuwa ya sayo robobi sababbi masu murfi da farin yadi, ya jera mata a tsakar ɗaki, yana jiran addu'a.

"Mma, ga sababbi fes. Waɗancan ai sun ruɓe, kunya suke ba mu."

Ba ta zage shi ba. Da ta zage shi ma da ya fi samun sauƙi. Ta dubi robobin, ta dubi tokar da ke bayan gida, ta shiga ɗaki ta juya masa baya, ta daina cin abincin kirki. Shi ya kira ni a waya ya gaya mini. Na hau mota na je na ɗauko ta, ina ta murna a raina wai zan hutar da tsohuwa.

Gidana ƙarami ne amma ina ji da shi. Ƙasan duk karo ne fari, wato tayil, kullum da safe ina goge shi da ruwan Jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Mijina Issifou, ɗan ƙabilar Kotokoli ne mai gyaran firji, ya karɓe ta hannu biyu, ya ba ta ɗaki mai fanka. Ta kwana ta tashi, ta ɗanɗana miyata, ta ajiye cokali ta tambaye ni ko dunƙulen kanti nake ba mijina tun da aka yi auren. Na ce e. Ta ce shi ya sa ya rame. Issifou ko a hoto bai taɓa ramewa ba.

Mako bai zagayo ba ta sa aka sayo mata kalwa a kasuwa. Ta dafa, ta surfa, ta zuba a robar Taufiq ta danne murfi. Na ce, "Gwaggo, abin nan yana son iska, roba ba ta numfashi." Ta ce tun kafin a haife ni take daddawa. Da aka buɗe, tsami ne ya tare mu. Ta sake. Wannan karon na sayo mata kwando da kaina, ta ajiye shi kan sanyin karo, ga damina, ga danshin Sokodé. Fumfuna ta rufe kalwar, kore da baƙi. Ta sake yi, abin ya fito ba shi a tsami ba shi a daddawa, kaji ma suka shinshina suka wuce.

Ranar ta zauna a ƙofar ɗaki tana jujjuya tafin hannunta tana kallo. Can ta ce, "Hannuna bai biyo ni ba. Yana can gida. Da an sha ruwan sallah zan koma."

Ba wasa take yi ba, na san ta. Ƙauyen nan kuwa babu kowa a ciki. Waɗanda suka leƙa sun ce an kwashe ƙofofi, hanyar ma direbobi sun daina bi don ana binne nakiya. Gwaggo mace ce da za ta iya ɗaura zaninta da safe ta nufi tasha ba ta yi wa kowa sallama ba. Tsoro ya kama ni sosai, kuma ni idan na tsorata faɗa nake yi.

Na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce hannunta lafiya lau yake, abin da Taufiq ya ƙona shi ne ya ɓata, wasu ƙananan halittu ne da ke zaune cikin buhunan. Ta ce waɗanne halittu? Na ce irin waɗanda muke dubawa a labo, mikrob.

"Mikrob?" Ta miƙe tsaye. "Waɗanda malaman asibiti suke cewa a wanke hannu saboda su? Ke Hadija, ni kike gaya wa ƙazanta nake sayar wa mutane duk shekarun nan? Uban naki da daddawata ya girma!"

"Gwaggo, ba duka ne masu cuta ba. Akwai na kirki."

"To ki aure su."

Issifou yana gefe yana cin dariya a ɓoye. Hausarsa ta kasuwa ce, kowa a wurinsa namiji ne. Ya ce, "Hadija, kai ma ka bar shi mana. Mma ya san cotu ɗinsa, kai ka san asibiti." Cotu shi ne daddawa a bakinsu. Na harare shi, ya koma kan firjinsa.

Da bayani ya ƙi, sai na nemi dabara. Akwai wata Dija, 'yar ƙauyensu, ita ma mai daddawa, wadda ta gudo Dapaong da buhunanta lafiya. Ranar hutuna na tashi tun da safe na hau mota zuwa Dapaong, na nemo Dija a bayan kasuwa, na roƙe ta tsohon buhu ɗaya. Ta ba ni da fara'a, har da ƙarin gaisuwa ga Gwaggo. Na ƙunshe shi cikin leda, na ƙara leda, na ƙara wata, duk da haka ba mu kai Mango ba fasinjoji suka fara kallon juna. Wani mai kwat ya ce akwai mushe a motar. Shofer, direban namu, ya tsaya ya bi kaya ɗaya bayan ɗaya da hanci har ya iso kaina. Ni da nake sa farar riga a wurin aiki, ni ce na tsaya a bakin titi ina rantsuwa cewa buhu ne kawai, har aka ɗaure shi a saman mota tare da awaki.

Na iso gida a gajiye, ƙafafuna sun kumbura, na shimfiɗa buhun a gabanta. Ta tambaya na wane ne. Na faɗa mata.

"Dija? Dija da daddawarta take ɗaci? Ni Gwamma in ari hannun Dija in rufe kalwata, gobe ta zauna a kasuwa ta ce ita ta tashe ni?" Ta sa bakin sanda ta ɗaga buhun, ta kai shi waje ta yar a kan katanga. Ashe a wurinsu mai daddawa ba ta aron murfin wata. Ko 'yar'uwarta ce. Ba wanda ya gaya mini sai da na yi tafiyar wuni guda na sha kunya a gaban awaki. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada in faɗi abin da zan yi istigfari a kai.

Abu ɗaya ya rage, kuma na daɗe ina kauce masa. Curin daddawar da ta taho da su daga gida sun ƙare a miya, saura ɗaya. Wannan ba ta girki da shi. A habar zani take ɗaure shi, ya bushe ya yi tauri, idan ta idar da salla sai ta kwance ta shinshina ta mayar. Na san masu barcin nan suna cikinsa. Na ce ta marmasa shi cikin kalwa mai ɗumi, za ta ga aiki.

"Itacen Hammajoda ne a cikin nan," ta ce. "Daga shi babu wani. In na zuba ya lalace kamar sauran, me ya rage mini?"

Wannan karon ban iya yi mata faɗa ba. Na ce to ta ba ni ɗan ɓarɓashi kawai, kamar ƙwayar gero, in nuna mata wani abu. Sai da muka yi ciniki kamar ana sayen saniya kafin ta sa farce ta kankaro mini abin da ko tururuwa za ta raina. Na kai labo na sa shi cikin ɗan romo mai ɗumi na bar shi ya kwana.

Washegari da rana, lokacin da ba marasa lafiya, na zo na ɗauke ta. Ta ci ado kamar mai zuwa biki, ta ƙi sa farar riga, ta ce ita ba gawa ba ce. Na ɗiga digo ɗaya a kan gilashi na sa a madubin da muke duba ƙananan halittu da shi, na daidaita mata. Ta kafa ido ta ce duhu take gani. Na ce ta matsa. Ta ce gashin idonta take gani. Na ce ta daina riƙe abin kamar taɓarya. Ta ce ni ce ban iya koyarwa ba. Ina shirin cewa mu tafi gida, sai na ga ta ƙara kafa ido a madubin.

Ni na san abin da take gani. Suna nan birjik, siraran 'yan tsinke, wannan ya miƙe a guje ya tsaya cak ya wuntsila ya canza hanya, wancan ya bi ta gefensa, wasu sun haɗu sun yi gungu suna juyawa har ruwan yana motsi da su. A bakin digon, inda iska take, sun yi cincirindo.

"Wa ya kore su?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ba kowa. Abinci suke nema, da iska."

"Daga curina suka fito?"

"Daga ɗan abin da kika ba ni."

"Tun daga gida suna ciki? Ba ci ba sha?"

"Barci suke yi, Gwaggo. Sai sun sami wurin da ya yi musu sannan su tashi."

Ta daɗe a sunkuye har na fara jin tausayin bayanta. Da ta ɗago idonta ya yi ja. Na zaci yau dai zan ji kalmar da ban taɓa ji ba. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Ba su da natsuwa ko kaɗan." Sannan ta nuna mini yanar gizo-gizo a kusurwar taga, ta ce wurin aiki guda ba mai sharewa.

Kwanaki ba ta sake tada maganar ba, ni ma na kama bakina. Sai wata safiya na ji tana aika Issifou. Ya sayo kalwa, ya sayo buhunan algarara a wurin masu kawo hatsi daga Tchamba. Ta wanke kwandon da toka ta shanya. Ta zagaya gidan tana taɓa bango da bayan hannu, ta zaɓi ɗan ɗakin da Issifou yake ajiye kayan aikinsa, don shi ne rana take duka. Kayan suka koma barandar da nake shan iska. Ta sa aka ɗora kwandon kan katako. Da ta juye kalwa, tururi yana tashi, ta kwance habar zani.

"Rabi za ki sa, Gwaggo. Ki ajiye rabi."

"Ni ba na rabin aiki."

Ta daka curin gaba ɗaya, ta barbaɗa, ta juya da hannu tana bismilla, ta rufe. Idan wannan ya ƙi, ba ni da sauran abin da zan riƙe ta da shi, kuma ni ce na sa ta.

Doka ta hau kanmu. Issifou ya koma yin raɗa a gidansa. Ranar da ake buga ƙwallo, a cikin motar maƙwabci ya je ya saurari rediyo. Ni kuma aka hana ni goge ƙasa da Jabel a wannan ɓangaren, aka hana ni tsayawa a ƙofar, wai idona yana da nauyi. Ina wucewa ina buɗe hanci kamar mai neman gobara. Ranar farko ba komai. Ta biyu wani ɗan ɗumi-ɗumi. Sai wata safiya ina ɗaura ɗankwali zan tafi aiki, warin ya shigo har ɗakin kwana ya shaƙe ni, hawaye suka zubo mini. A rayuwata ban taɓa murna da wari irin ta ranar ba.

Ta ɗaga buhunan. Kalwa ta yi duhu, ta yi laushi, yauƙi yana bin yatsunta yana tsinkewa. Ta ɗanɗana, ta tauna a hankali, ta haɗiye. Muna tsaye ni da Issifou kamar masu jiran hukunci.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Hannuna ya dawo."

"Hannunki, Gwaggo? Waɗanda kika gani da idonki fa?"

"Su iyo kawai suka iya. Wa ya dafa musu?"

Godiya kuwa har yau ina jira. Abin da na samu shi ne gidana ya tashi daga nawa. Farin karona ya koma ruwan toka, murhun duwatsu ya zauna a tsakar gida, tabarmin shanya sun mamaye inda nake ajiye babur. Matan unguwa suna sallama tun da safe da 'yan kwanoninsu, wasu ma ba sa gaishe ni. A wurin aiki abokan aikina suna buɗe taga idan na shigo. Buhunan sun fara baƙi suna kama warinsu, an kuma gargaɗe ni cewa ranar da na kusance su da sabulu za a ji mu a Dapaong. Issifou ya ƙara ƙiba, kullum yana cewa, "Mma ya gyara gidan nan."

Amma ba ta ce ta fasa tafiya ba. Sallah ta zo ta wuce, ina lura da ita, ba na son tambaya don kada in tuna mata. Sai wata Juma'a da safe na fito da rigar aiki a hannu, na same ta a tsakar gida ta yafa babban mayafinta, ta sa takalmin fita.

"Ki kira mini zemijan."

Ban san lokacin da na fara ba. Na ce tasha za ta je ko? Na ce bayan duk abin da aka yi? Na tuna mata hanya, na tuna mata nakiya, na ce ƙauyen ko kare babu, na ce in ta tafi kada ta sa ran zan biyo ta, alhali na san zan biyo ta. Maƙwabta suka fara leƙowa. Ta tsaya tana kallona har numfashina ya ƙare.

"Kin gama? Maƙabarta za ki kai ni. Ba shiga zan yi ba, daga bakin hanya zan tsaya. Ina so in ga inda kuke binne mutanenku a garin nan."

Muka hau babura biyu muka je. Ta tsaya a bakin katanga, ta ɗaga dunduniya don ta gani da kyau. Ta yi wa mutanen ciki sallama da addu'a, ta dubi itatuwa, ta sunkuya ta ɗebi ƙasar wurin ta murza a tafin hannu.

"Ba laifi," ta ce. "Akwai inuwa. Ciyawa ce dai ta yi yawa, ku gaya wa masu wurin. Mu koma, na bar kalwa a wuta."

Ta nufi babur ɗinta. Ni kuwa ina tsaye a bakin titi, na makara aiki, ina kuka kamar ƙaramar yarinya, ita kuma tana waiwayowa tana tambayata wai me aka yi mini.